Yadda na gyara wa autana ƙirgen bibbiyu

Autana yana aji biyu na firamare a nan Tudun Wada, Zariya. Ya haddace ƙirgen bibbiyu kamar waƙa, daga biyu har ashirin. Amma ranar da na ce ya fara daga 14, sai ya yi tsuru-tsuru, ya koma farko. Abin ya dame ni ƙwarai, don a kan wannan ƙirgen ake ɗora lissafin sau.

Na fara da takalman da ke bakin ƙofa. Muka jera su ƙafa bakwai, yana taɓa kowace ƙafa yana faɗin jimla, har ya kai 14. Na ɗauko nawa na ajiye a ƙarshen layi. Ya dube su, ya ce, "Mama, 16 ke nan!" Bai koma farko ba.

Washegari na zana layi da gawayi a tsakar gida, na rubuta 0 zuwa 20, yana tsallake gida ɗaya yana dira a na gaba. Wani lokaci a tsakiyar layin nake tsayar da shi ya fara.

Biyar-biyar ce ta fi ba mu wuya. Na rubuta 1 zuwa 100 a bayan kwali, goma a kowane layi, na ba shi murafun kwalba yana ɗorawa a kan 5, 10, 15. Da ya kai 40 sai ya lura murafun sun jeru layi biyu daga sama zuwa ƙasa, ɗaya na ƙarewa da 5, ɗaya da sifili. Sauran shi kaɗai ya ƙarasa.

Yanzu mun shiga uku-uku, da ƙwallon dabino muke yi.