Darasi na Tara: Takardar Bugun Zuciyar Yaro

Yaro yakan yi mura ko gudawa ya warke, sai bayan mako ɗaya ko biyu jikinsa ya sake rikicewa. Jariri ya ƙi nono, yana haki, yana gumi idan ana shayar da shi. Wanda ya tasa kuma ya riƙa kukan ƙirji ko ciki, ya kasa wasan da ya saba. Mu a Garwa da Marwa nan take mukan ce zazzaɓin cizon sauro ne ko limoniya, kuma sau da yawa hakan ne. Amma wani lokaci ƙwayar birus ɗin da ta kawo murar ce ta kai ga tsokar zuciya ta kumbura ta, kamar yadda Coxsackie B da adenobirus suke yi.

Zuciya tana bugawa ne da wata 'yar wutar lantarki da take samarwa da kanta, na'urar ECG kuma aikinta shi ne ta zana wannan wuta a takarda. Ana manna wayoyi 10, 6 a ƙirji, 4 a hannuwa da ƙafafu. Iyaye mata sukan firgita da ganinsu, alhali babu wutar da take shiga jikin yaron, babu allura, babu zafi, kuma cikin 'yan mintoci an gama. Abin da ake so daga uwa shi ne ta lallashe shi, domin kuka da motsi suna ɓata zanen.

Zuciyar jariri lafiyayye tana bugawa sau 100 zuwa 160 a minti, ta babba kuwa 60 zuwa 100, saboda haka sauri kaɗai ba ciwo ba ne. Abin da ke damun likita shi ne saurin da ya wuce gwargwadon zazzaɓin, ya kuma ƙi sauka bayan jiki ya huce, ko zanen ya yi gajere ƙwarai, ko bugun ya riƙa tsallake.

Ku riƙe wannan da kyau: takardar ba ta nuna birus ɗin kanta, kuma fitowarta lafiya ba ta kore ciwon. Shi ya sa likita yakan maimaita gwajin, ya ƙara da hoton zuciya na eko da gwajin jini na turoponin, wani sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan tsokar zuciya ta ji rauni. Idan ciwon ya tabbata, yaro zai bar ƙwallo da guje-guje na wata 3 zuwa 6.

Zanen wannan takarda yana dusashewa a zafi, balle zafin bazararmu, don haka ku ɗauki hotonta da waya tun a asibiti, ku adana ta cikin katin yaron, ku zo da ita ranar komawa.