Kurakuran da malaman jami'a da ɗalibai suka fi yi a kan haƙƙin mallaka

Wani ɗan'uwanmu mazaunin Agege, wanda yake karatun digiri na uku a nan Legas, ya zo mini da takarda mai shafi biyu da ya sa wa hannu shekara biyu da suka wuce, a daren da wata mujallar ƙasar waje ta karɓi maƙalarsa. Murna ta hana shi karantawa. Sai yanzu da ya so ya ɗora maƙalar a rumbun ajiya na jami'arsa ya gano cewa ya miƙa wa kamfanin da ke buga mujallar haƙƙin mallakar aikin gaba ɗaya.

Wannan shi ne babban kuskure, kuma ya fi sauran tsada. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi cewa miƙa haƙƙi, ko bayar da lasisin da ya keɓanta ga mutum ɗaya, ba ya tabbata sai a rubuce. Ke nan sa hannun nan da ake yi cikin gaggawa shi ne cinikin kansa. Gyaran shi ne a karanta yarjejeniyar kafin alƙalami ya taɓa ta, a nemi sashen da ya fayyace abin da ya rage wa marubuci: ko zai iya saka maƙalar a kundin digirinsa, ko zai iya raba ta ga ɗalibansa, da kuma wane kwafi aka yarda ya ɗora a intanet. Manyan kamfanoni da yawa suna yarda a ɗora rubutun da aka amince da shi bayan tantancewa, wani lokaci bayan jiran wasu watanni, amma suna hana ɗora kwafin ƙarshe mai tambarinsu. Da yawa daga cikinmu kuwa kwafin mai tambarin muke ɗorawa a ResearchGate, shafin intanet da masu bincike ke baje ayyukansu, domin shi ya fi kyau a ido. Wanda ya riga ya sa hannu, sai ya rubuta wa kamfanin ya nemi izini, ya kuma adana amsar da aka ba shi.

Akwai kuma masu zaton cewa ambaton sunan mai aiki ya wadatar. Ambato yana kare mutum daga zargin satar fasaha a gaban kwamitin jami'a, amma bai zama izini ba. Doka ta yarda a ɗauko wani yanki domin bincike ko nazari ko sharhi, gwargwadon abin da ya dace. Ba ta ce a kwashe taswira da jadawali da hotunan wani a zuba cikin littafin da za a sayar ba. Kyakkyawan sakamako daga Turnitin, manhajar da makarantu ke duba kwafen rubutu da ita, ma ba shaida ba ne, tunda kamanceceniyar kalmomi take aunawa, ba izini ba.

Wanda ya taɓa tsayawa a shagunan fotokwafi da ke kewayen manyan makarantun Yaba da Akoka da Ojo a farkon zangon karatu ya ga yadda ake kifa littafi sukutum a kan na'ura, daga bango zuwa bango, a ɗinke shi da bango mai launi. Na san littattafai sun yi tsada, kuma ban ga laifin ɗalibin da kuɗin motarsa ma da ƙyar yake samu ba, sai dai malamin da ya haɗa babi-babi na mutane ya sayar a matsayin nasa ba shi da wannan uzurin. Hanyar da ta dace ita ce makaranta ta nemi lasisi daga REPRONIG, ƙungiyar da ke karɓa wa marubuta kuɗin kwafin ayyukansu, ko malami ya zaɓi ayyukan da ke ɗauke da lasisin Creative Commons, wato izinin amfani da mai aiki ke bai wa kowa tun farko bisa wasu sharuɗɗa, ya kuma lura cewa mai alamar NC bai halatta a yi kasuwanci da shi ba.

Batun rajista gajere ne. Haƙƙi yana samuwa ne da zarar an rubuta aikin, kuma yana ɗorewa har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Rajista a Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya hujja ce mai amfani ranar gardama, lambar ISBN kuwa, wato lambar shaida da ake bugawa a bayan littafi, ba ta ba kowa mallaka.

Abin da aka fi jin nauyin faɗa shi ne tsakanin ɗalibi da malamin da ke duba aikinsa. Duba kundi da gyara shi ba ya mayar da malami mai kundin, kuma fitar da maƙala daga ciki ba tare da sunan ɗalibin ba tauye masa haƙƙi ne, domin doka ta ba marubuci damar a danganta aikinsa gare shi. Kunya takan hana ɗalibi Bahaushe ya ce, "Ranka ya daɗe, yaya za mu jera sunaye?" Gara a yi wannan tambayar tun kafin a fara rubutu, a aika amsar ta imel, a kuma duba ƙa'idar jami'ar da sharuɗɗan wanda ya ba da kuɗin binciken, ko TETFund ne, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ko wata cibiya, saboda a wasu lokuta su ma suna da ta cewa a kan abin da aka samar.