Yadda na gyara sabon iyafis ɗina da kunnen hagu ya ƙi magana

Ranar Asabar na sayo iyafis mai Bluetooth, irin wanda ake cusawa cikin kunne. Ina haɗa shi da waya, na dama ya kama, na hagu shiru kamar an aiki bawa garinsu. Har na ɗauko takalmi zan koma wajen mai shago, ƙanina ya ce, "Yaya, duba ƙasansa tukuna."

Ashe wata 'yar leda ce siririya, manne a kan ɗigon ƙarfen da ke karɓar caji. Sai da na haska tocila na gan ta. Na ɓare ta da farce, na mayar da shi gidansa na minti 30, na goge sunansa daga Bluetooth na sake haɗawa. Duka biyun suka amsa.

Sai kuma sautin ya zo a bushe, babu nauyin ganga ko kaɗan. Robar da ke kai ta yi wa kunnena kaɗan, iska na shiga ta gefe. A kwalin akwai girma 3, na sa babbar, na ɗan murɗa shi ya zauna daram. Yanzu ko janareton maƙwabci da ƙyar nake ji, sallama ma sai an taɓa ni.