Yadda Nake Sa Ɓaure a Tukunya

An ce ba a tona cikin ɓaure. To, ni kam sai na tona. Kowane ɗaya nakan tsaga shi biyu in leƙa, wanda na ga ƙwaro ko baƙi-baƙi a ciki in yar. Farin garin nan da ke jikin busasshe kada ya tsorata ki, yawanci sukarinsa ne ya fito fili. Wanda ya lalace, warin tsami zai gaya miki.

Busasshen na fi amfani da shi, don nunannen ɗanye ko a firji da ƙyar yake kwana uku.

Ki cire kan nan mai tauri, ki jiƙa shi a ruwan ɗumi minti 20, har ya kumbura ya yi laushi. Ranar da na fara gwadawa ban jiƙa ba. Tun farkon girki na watsa shi a tukunyar nama, wuta na ci bal-bal. Kafin in ankara ya kama gindin tukunya ya ƙone, romon ya yi ɗaci, ranar babu wanda ya nemi ƙari.

Yanzu sai na soya albasa da citta da ɗan kirfa, in bar rabin kilon nama ya kusa nuna, sannan in zuba ɓaure shida da ruwan jiƙonsa. Kada ki zubar da ruwan nan, rabin daɗin yana cikinsa. Ki rage wuta, ki ba shi minti 15, ki matsa lemun tsami kafin ki sauke, in ba haka ba zaƙin zai danne komai.

Giram 100 na busasshe yana da kalori wajen 250, alhali ɗanye 74 ne kawai. Akwai fiba kusan giram 10, shi ya sa yake sakin ciki, da kalsiyam miligiram 160, da fotasiyam 680. Amma kusan rabin nauyinsa sukari ne. Ni dai in na sa shi a kek ko madara ba na ƙara ko cokali ɗaya na sukari, kuma mai ciwon sukari ya san yadda zai taɓa shi.

In ɗanye kika samu, ki kula da farin ƙaron da ke fita a kansa. Yana sa ƙaiƙayin hannu, yana kuma tsinka madara. Amma sinadarin fisin da ke cikinsa yana tausasa nama: ki dama guda biyu ki shafa wa mai tauri, ki bar shi awa ɗaya a firji kafin ki ɗora.