Yadda na farfaɗo da rautar gidanmu bayan an ɗauke wuta

Alhamdu lillahi, rautar, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi a gida, ta tashi, kuma na gode wa ƙanena da ya ara mini kwamfutarsa.

Daren Talata ina tsakiyar sabunta manhajar da ke tafiyar da ita aka ɗauke wuta a Samaru. Da wuta ta dawo, fitilunta sai ƙyaftawa suke, babu Wi-Fi, shafin saitinta na 192.168.0.1 ma ya ƙi buɗewa. Na danne maɓallin Reset, mai mayar da ita saitinta na asali, na daƙiƙa 30, shiru. Na sayo sabuwar adafta a PZ, ashe asarar kuɗi ce.

Hanyar TFTP, wato tura wa rautar fayil ɗin manhaja daga kwamfuta ta waya, ita ce ta fisshe ni. Na juya rautar na duba lambar samfurinta, na sauko da manhajar da ta yi daidai da ita. A kula, manhajar fitowa ta biyu ta samfurin (v2) ba ta hawa kan fitowa ta uku (v3). Na sauya wa fayil ɗin suna zuwa wanda rautar ke nema, mai ƙarewa da recovery.bin, na ajiye shi a foldar Tftpd64, manhajar kwamfuta da ke tura fayil ta TFTP. Na haɗa waya daga kwamfuta zuwa ramin LAN1, na sa wa kwamfutar adireshin 192.168.0.66 da 255.255.255.0.

Karon farko babu abin da ya motsa, ashe katangar tsaron Windows ce ta tare. Na kashe katangar, na danne Reset, na kunna rautar ban saki ba har fayil ya wuce. Na ƙyale ta minti biyar ta tashi da kanta. Wannan karon dai a inbatar maƙwabci na jona ta, don kada a sake ɗauke wuta ana tsakiyar aiki.