Yadda Ake Zaɓar Injin Hob da Yanka Haƙoran Giya da Shi

Kafin ka zuba kuɗi, ka san irin giyar da za ka riƙa yankawa. Kowane inji yana da iyakar faɗin ƙarfen da teburinsa ke ɗauka da iyakar modul, wato girman haƙori. Kuma injin hob ba ya yanka haƙoran ciki, wato na cikin zoben giya, wannan aikin wani inji ne daban. In tsoho za ka saya, ni ba na kallon fenti. Kama teburin ka jijjiga shi. In yana wasa, giyar da ke juya shi ta cinye, kuma gyaranta na iya kusan kai kuɗin injin. Ka tabbatar an haɗa maka da giyoyin canji cikakku, wato waɗanda ake sauyawa don saita yawan haƙoran da za a yanka, don neman guda ɗaya daga baya wahala ce.

Sai hob ɗin kansa, wato ƙarfen da ke yin yankan. Yana kama da dunƙulen noti mai zare a waje, zaren kuma mai kaifi, kuma guda ɗaya yana yanka haƙora 20 ko 80, muddin modul da kusurwar matsi, wato karkatar gefen haƙori, sun yi daidai. Yawancin giyoyin yau digiri 20 ne, tsofaffi kuwa akwai masu 14.5, kada ka haɗa su. A ce modul 2 ne, haƙora 40: faɗin ƙarfen ya zama milimita 84, zurfin haƙori 4.5. Hob mai zare ɗaya zai juya sau 40 kafin tebur ya zagaya sau ɗaya. Karkata kan injin daidai da kusurwar da aka buga a jikin hob, in giya mai miƙaƙƙun haƙora ce.

To, ga inda sababbin hannu ke faɗuwa. Su ɗaure ƙarfe, su ga kamar ya zauna, su kunna inji. Ido ba ya ganin girgiɗin milimita 0.05, amma giyar za ta fito gefe ɗaya haƙora masu kauri, ɗaya gefen sirara, ta riƙa kuka a kowane zagaye, sai a ɗora wa inji laifi. Goge mazaunin tas, ɓarɓashin ƙarfe ɗaya ya isa ya karkatar da komai. Sa agogon awo, wato ma'auni mai allura da ke nuna girgiɗi, a gefen ƙarfen da kuma fuskarsa, juya tebur a hankali, ka riƙa ƙwanƙwasawa da gudumar roba har allurar ta tsaya cikin 0.02. Bayan ka ƙulle noti ka sake aunawa, don ƙullewar kanta tana gusar da shi. Sandar hob ma haka, a gefunanta biyu.

Daga nan ka taɓa ƙarfen kaɗan, ya zagaya, ka ƙirga alamun da hob ya bari, ka ga sun yi daidai da yawan haƙoran da kake so, kafin ka nutsa. Yanka sau biyu, na farko mai zurfi, na biyu na gogewa, mai yana kwarara. Riƙa gusar da hob gefe don kada wuri ɗaya ya dakushe, sannan ka auna kaurin haƙori tun giyar tana kan tebur.