Yadda ake amfani da citta wajen rage tashin zuciya ga mai karɓar maganin kimo

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji ya san wahalar ranakun da ke biyo bayan ƙarin ruwan kimo, wato maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin cutar dajin: ƙamshin miya ma sai ya sa zuciya ta tashi. Citta na iya taimakawa, amma sai an san ƙa'idarta.

Da farko a sanar da likita. Citta na iya tsinka jini, shi kuma kimo yakan rage ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin, ko wanda dasashinsa ke jini, kada ya fara sai likita ya duba sakamakon gwajinsa.

Na biyu, kada a ajiye maganin amai na asibiti, irin su ondansetron da dexamethasone. A binciken da Jami'ar Rochester ta Amurka ta wallafa a 2012, kan marasa lafiya 576, an ba su citta ne tare da maganin asibiti. Abin da ya ragu shi ne tashin zuciya na ranar farko, kuma rabin giram zuwa giram 1 a rana ya fi giram ɗaya da rabi aiki. Masu cika tukunya da citta har ta yi yaji suna ƙara wa majinyaci ƙwannafi ne kawai.

Sai lokaci, kuma a nan aka fi kuskure. Ana farawa kwana 3 kafin ranar kimo, a ci gaba har kwana 6 gaba ɗaya. Idan aka jira sai amai ya ɓarke, cikin ba zai riƙe ko ruwan ba.

Haɗin ba wuya. A auni rabin cokalin shayi na garin busasshiyar citta, wato kusan giram 1, a raba biyu, safe da yamma. A zuba kaso ɗaya a kofin tafasasshen ruwa, a rufe minti 10, a tace. In ɗanya ce, a wanke sosai, a kankare bawon, a yanka siriri kamar yanki 3, a tafasa. Tafasawar dole ce, domin garkuwar jikin mai kimo ta yi rauni. A bari ya huce, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Wanda bakinsa ya yi gyambo ya haƙura da citta da lemun tsami har ya warke.

Wasu sun fi jin daɗin shayin na'ana'a, ko su shinshina ɓawon lemun tsami idan warin ɗakin magani ya taso musu da zuciya. Ba laifi, sai dai na'ana'a na tsananta ƙwannafi.

Abinci kuwa a ci kaɗan sau da yawa: koko, farau-farau, busasshen burodi. Soye-soye da man shanu su dakata, kuma a nisanta majinyaci da madafa.

Jiƙe-jiƙe da sassaƙen da 'yan dubiya ke kawowa a gora, a karɓa a yi godiya, amma kada a sha. Ba a san abin da ke ciki ba, ga hanta da ƙoda suna fama da tace kimo.

Idan amai ya kai awa 24, ko ruwa ya ƙi zama a ciki, ko fitsari ya ragu ya yi duhu, ko aka ga jini a aman, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, a ajiye kofin citta a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne.